Gonar da Gauraka Ta Zaɓa

Jama'a, saura ƙiris mu hallaka ƙwan gauraka uku, Allah Ya kiyaye! Ku ji yadda aka yi.

Mun tashi da asuba daga Tudun Wada mu huɗu, za mu hutu ƙauyen su wani ɗan ajinmu a hanyar Funtuwa. Motar katako muka hau, sule-sule, a kan buhunan gishiri. Sau biyu tana kafewa a laka, muna dirowa muna turi. Furar kwabo muka sha a hanya, tsaminta ya kore mana barci.

Washegari ɗan ajin namu ya tafi gaishe-gaishe, mu uku muka gangara fadama. Shinkafa ko'ina an nome ta tsaf, sai gona ɗaya da ciyawa ta cinye. Muka ce ta wani gajiyayye ce, bari 'yan boko su nuna bajinta. Muka ɗauko fartanya a masauki muka duƙa.

Ba mu yi nisa ba wata tsohuwa ta dire tulunta. "Kai, 'yan birni! Wa ya aike ku?"

Na ce, "Inna, taimako muke yi."

Ta ce, "Taimakon naku ya fi ƙarfinmu. Dubi gabanka!"

Sheƙa ce cikin ciyawa, ƙwai uku, taku biyu daga ƙafata. Uwar ta ja can gefe ta miƙe wuya, tukkunta kamar zinariya.

Mai gonar ya iso, ashe ƙaƙƙarfa ne. Ya ce tun kakanninsu, gonar da gauraka ta yi sheƙa ba a nome ta sai 'ya'yan sun tashi. Da kaka kowane gida ya kai wa mai ita dami guda. Amma in uwar ta tsorata ta ƙi komowa, ƙwan sun lalace, shi kuma ya bar gonarsa a banza.

Nan da nan muka fice daga gonar. Muka laɓe bayan giginya tare da Inna, muka yi tsit har azahar. Sai ga gaurakar tana takowa a hankali, ta leƙa, ta kwanta a kan ƙwan. Na zabura zan yi ihu, Inna ta make min ƙeya!

Ran Lahadi muka dawo Tudun Wada. Mu a littafi muka san tsuntsun nan, su kuwa da shinkafarsu suke riƙonsa, ba wanda ya sa su. Na kuma koyi tambaya kafin in ɗau fartanya.

Wanda ya karanta takardar nan ya miƙa wa na kusa da shi, har ta kai ga 'yan aji ɗaya.