Makarantar da ta koya wa 'yata rowa

Shekarun baya, lokacin babbar 'yata tana aji biyu na firamare a nan Greensboro ta ƙasar Amurka, babu abin da ke cin raina kamar kwanon abincinta na makaranta. Yadda na rufe shi da safe haka yake dawo mini da yamma. Na zuba dafa-duka, ta ce ta huce. Na yi ɗanwake, ta ce yara suna tambayarta mene ne wannan baƙin abin. Ranar da na yi gangancin sa mata miya mai daddawa kuwa, da kuka ta sauko daga motar makaranta. Yarinya ta fara ramewa, likita ya ce jininta ya yi ƙasa, a dage mata da ganye da wake. Ni da nake taƙama da girki tun ina gidanmu, 'yar shekara bakwai ta sauke mini girman kai.

Maƙwabciyata ce ta cece ni, wata Ba'indiya da ƙofarmu ke kallon tata. Ta ce, "Ke matsalarki, abincin da sai da zafi yake daɗi kike ba ta. Babu mai ɗumama musu a can, lokacin cin kuma kaɗan ne. Ki yi abin da za ta ɗauka da hannu ɗaya." Ta koya mini parata, wata gurasa marar kauri ta garin alkama, a kwaɓa ta da alayyahu ko a cusa mata dafaffen wake da dankali. Ta koya mini idili, wanda ina gani na ce ai wainarmu ce, sai dai turarawa ake yi, babu mai. Paratar farko da na gasa, maigidana ya ɗaga ta sama ya tambaye ni ko faifai na sayo. Ban kula shi ba, na ci gaba da murzawa har hannuna ya faɗa.

Cikin ikon Allah kwano ya fara dawowa fes. Parata a naɗe, yankakken karas, ɗan kindirmo a ƙaramin gwangwani, shi ke nan. Kumatu suka dawo. Kullum kuma nakan ɗora guda ɗaya a kan abin da na san za ta iya ci, don haka mahaifiyata ta koya mini: ba a zuba wa yaro daidai cikinsa, sai an sa na wanda zai zauna kusa da shi. Ita ma 'yar tawa tun tana koyon magana na dasa mata cewa ba a cin abinci a gaban mutum ba a yi masa tayi ba. Hausarta duk a karye take, amma "bismillah, zo mu ci" ta iya shi raɗau. Da shi nake fahariya a cikin mata, nakan ce komai Amurka za ta ƙwace mini, ban da wannan.

Wata Asabar wani dattijo ya zo gaishe mu daga McLeansville, Alhajin da ya karɓe mu a filin jirgi ranar da muka sauka ƙasar nan. Jika ya ɗauki 'yata, kullum suna wasan miji da mata. Ya tarar da ita a falo tana cin parata. Ta gaishe shi, sai na ga ta jawo farantin ta kare shi da hannu.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "A'a, amarya, yau ko tayi babu?"

Ta amsa masa da Turanci, ko ɗagowa ba ta yi ba: "Ba a rabawa. Doka ce."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya ce, "Ƙyale ta, yarinta ce," amma ni kunya ta gama rufe ni. Yana fita na juyo kanta. Na ce, "Ke! A gidan uban wa kika koyi rowa?" Sai ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana riƙewa.

Da ƙyar na lallashe ta ta ba ni labari. Akwai wata ƙawarta a aji, kullum da ledar soyayyen dankali da lemon kwali take zuwa. 'Yata ta ce, "Mama, kallon bakina take yi." Shi ne take miƙa mata paratar da nake ɗorawa, sun daɗe a haka. Ran nan matar da ke kula da ɗakin cin abinci ta gan su. Ta karɓe paratar daga hannun yarinyar, ta riga ta gutsura fa, ta jefa a kwandon shara a gabansu. Ita kuma tawa aka mayar da ita wani tebur a gefe, ta ci abincinta ita kaɗai, ba magana da kowa, har ƙarshen mako. Aka ce mata abin da ta yi yana iya kashe mutum. Ta ɓoye mini ne don ta ɗauka ni ma za a kama ni, tunda ni na dafa.

Na ce sai na je makarantar nan. Maigidana ya ce, "Ki bi a hankali, ƙasar mutane ce." Na ce ƙasar tasu ce, 'yar kuwa tawa ce.

Ranar Litinin na je makarantar. Aka zaunar da ni da malamar ajinsu da ita matar, suna ta yi mini murmushin nan da bai wuce leɓe ba. Suka ce akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko madara, loma ɗaya sai asibiti, shi ya sa aka hana musayar abinci. Na ce wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ni ma uwa ce, ba zan so ɗan kowa ya cutu ta hannuna ba. Amma me ya hana a kira ni? Ƙanƙarar da ba ta rufe ciyawa ba in za ta sauka, sai wayata ta kusa fashewa da saƙonninku. A ware mini 'ya kwana da kwanaki, babu wanda ya tuna da lambata?

Malamar ta ce sun ga ƙaramin abu ne, ba sai an tayar da hankalin iyaye ba.

Ita kuwa ɗayar sai ta ƙara da cewa, "Kuma gaskiya irin waɗannan abincin, ba mu san abin da ke cikinsu ba."

Nan ne na manta da nasihar maigidana. Na ce, "Alkama ce da alayyahu da wake. Na gama. Yanzu ke ɗauko ledar dankalin da kika bar wa yarinyar, ki karanta mini abin da ke cikinta in kin iya." Na ce a inda na fito, yaron da ya ga ɗan'uwansa yana kallo ya miƙa masa, albarka ake sa masa. Kuna iya ce mata, kin kyauta, amma ga dalilin da ya sa ba a yi a nan. Ku kuwa kun zubar da abinci a gaban mai jin yunwa, kun sa mai kyautar ta ɗauka ita mai laifi ce. Suka ba ni haƙuri, irin wanda ake bayarwa don mutum ya tashi ya tafi.

Da na huce, maƙwabciyata ta ba ni shawara in nemi uwar yarinyar. Na tsaya a wajen ajiye motoci na makarantar har na gano mahaifiyar ƙawar. Baiwar Allah aikin dare take yi a gidan kula da tsofaffi, tana dawowa ne daidai lokacin da yarinyar ke fita. Na tambaye ta ko akwai abin da 'yarta ba ta ci, ta ce babu, ta kuma sanar da makaranta da bakinta. Daga ranar kwano biyu nake haɗawa, in miƙa wa yarinyar nata a bakin ƙofar makaranta. Tunda nata ne, babu dokar da aka taka. Haka muka yi har suka bar garin.

Yunwar ƙawar ta wuce, amma gyaran tawa ya ɗauke ni shekaru. Sai na ce, "Ba ki ga baƙo ba?" sannan ta yi tayi, murya can ƙasa. Abin da na gane shi ne yaro ba ya riƙe dalilin doka, yadda aka yi masa a gaban mutane yake riƙewa. Har gobe ba na jayayya da dokar, kuma har gobe in na tuna paratar nan a cikin shara sai raina ya ɓaci.

Yanzu ta zama budurwa, tana sakandare, paratarta ta fi tawa laushi. Tana tayi, alhamdu lillahi, ba sai an tuna mata ba. Sai dai kwanan baya ina tsaye a kicin, ƙaninta ya shigo ya tsaya yana kallon farantinta. Ta gutsuro rabi za ta ba shi. Kafin ta miƙa, sai da ta waiwaya ta dubi bayanta.

A cikin gidan ubanta fa. Babu kowa a bayanta sai firji.