Ɗan Leƙen Asirin da Na Shigo da Shi Kachala

Shekarar da na bar aikin cajin waya a Haɗeja, kawuna ya ce tunda na kasa zama a ko'ina, in je in zauna masa a gonar shinkafa. Makaranta dai tun ina ƙaramar sakandare na ajiye ta. Na yi acaɓa na bari, na bi mota na bari. Abokaina duk sun watse, wannan yana Kano, wancan yana Legas. Gonar tana can fadamar Auyo, inda babur yake ƙarewa a shiga kwale-kwale.

Aikin gadin tsuntsu ne. Idan shinkafa ta fitar da kai, jan-baki suna zuwa kamar hayaƙi, in ka yi sake su shanye ta tun tana madara. Akwai rumfa mai tsayi a tsakiyar gona, an ja igiyoyi daga jikinta an rataya gwangwanaye. Da safe ka yi ta ja kana ihu, da yamma ma haka. Tsakar rana kuwa tsuntsun yakan lafa, to nan ne abin yake cin mutum. Ba sabis, ba kowa, sai ruwa da kachala, doguwar ciyawar nan da ta cinye hanyoyin ruwa. Har magana na fara yi da gwangwanaye.

Littafi ɗaya na tafi da shi, na tsinto a akwatin yayana, bangonsa ya cire. Labarin wani ɗan leƙen asiri ne mai saka kwat, wanda ya gano wani minista yana cinye kuɗin makaman sojoji, yana kuma taimaka wa 'yan ta'adda ta bayan fage. Karatuna ba sauri, da yatsa nake bi, amma lokaci ai shi ne nake da shi.

Gonar da ke tsallaken ruwa wani dattijo ne Babarbare yake gadinta. Daga gefen Tafkin Chadi ya zo, lokacin da 'yan ta'adda suka tashi garinsu. Da fari ɗaga hannu kawai muke wa juna. Wata rana bayan azahar ya turo kwale-kwalensa ya zo neman ashana, ya gan ni da littafi, ya tambaya ko na addini ne. Na ce a'a Baba, na ɓarayin gwamnati ne. Ya yi dariya ya hau rumfa ya zauna, ya ce to in faɗa masa me suka sata.

Tun daga ranar kullum sai ya zo. Shi ba ya karatun boko, don haka ba karanta masa nake ba, ba shi labari nake da bakina, ina bin layi da yatsa don in tuna. Yakan zo da busasshen kifi, ni ina da garin rogo da ƙuli. Ministan nan bai cika kiransa minista ba, sai dai ya ce yau me ɓarawon ya yi. Ranar da na kai inda shugaban 'yan ta'addan ya tsaya yana dogon jawabi kafin su kai hari, ya girgiza kai. Ya ce waɗanda suka zo garinsu ba su yi jawabi ba, a kan babura suka shigo mutane suna shanya kifi. Ban tambaye shi sauran ba. Sai tsuntsu ya taso, na koma jan igiya.

Sai littafi ya ƙare mini. Ni na riga na karanta ƙarshen, shinkafa kuwa ko ja ba ta fara ba. Na zauna ina lissafi, in na ba shi ƙarshen nan gobe, me zai kawo shi jibi? Ashana dai ya sayi tasa. Na san yadda rumfar nan take in ba ya nan.

A littafi, ɗan leƙen asirin ya samu hujja yana kan hanyar kai ta kotu. To ni sai na lalata masa mota a hanya. Na ce mutanen ministan sun biyo shi, ya yar da kwat ya shiga daji. Daga nan labari ya zama nawa. Ina jan igiya da safe ina tsara abin da zai same shi da rana. Har littafin nake buɗewa a cinya ina ɗan leƙawa, don kada ya gane.

Matsalar ita ce ban san Abuja ba, ban san otal ba, ban taɓa shiga jirgin sama ba. Abin da na sani nake ba shi. Babur ɗin masu binsa ya kafe a laka. Ya kwana a bukkar masunta suka ba shi dafa-duka da kifi. Ya ari kwale-kwale ya kutsa cikin kachala, ya nemi daidai inda jan-baki suke sauka ya ɓuya, don hayaniyarsu ta rufe motsinsa. Na ce har ya san ya tura da sanda daga baya, a tsaye, bai kife ba.

Dattijon ya daina tauna kifi ya dube ni.

“Samari, wannan mutum naka mai kwat da takalmi sau-ciki, yaushe ya koyi tuƙa jirgi?”

Na ce ai ana koya musu komai a wajen horo, Baba.

“Har da inda jan-baki ke sauka? Lalle mai littafin nan ɗan Auyo ne.”

Na ɗauka shi ke nan, asirina ya tonu. Sai ya miƙo mini kan kifin ya ce in ci gaba, amma in gaya wa mutumin ya shafa laka a jiki, sauro zai kashe shi kafin minista ya kashe shi. Washegari ya zo da wata gyarar, wai kada ya hura wuta da ɗanyar ciyawa, hayaƙi zai tona shi. Haka muka riƙe ɗan leƙen asirin nan a cikin ruwa mu biyu, ni ina jefa shi a wahala, shi yana koya masa yadda ake ɓuya. Ban taɓa tambayarsa a ina ya koya ba.

Shinkafa ta nuna, masu yanka suka shigo da laujensu, fadama ta cika da mutane. Gadi ya ƙare. Ran da nake kwance igiyoyi ya zo bai hau rumfa ba, a cikin kwale-kwale ya tsaya. Ya ce wasu 'yan'uwansa za su koma gefen tafki su gwada kamun kifi, an ce hanya ta ɗan yi sauƙi, zai bi su.

Sai ya ce, “To yanzu ba ni ƙarshen labarin, na mai littafin. Na gaskiyar.”

Na ba shi. Ɗan leƙen asirin ya isa kotu lafiya, an kama minista an ɗaure shi, an kwato kuɗin, an murƙushe 'yan ta'addan, shugaban ƙasa ya rataya masa lambar yabo. A gajarce na faɗa, ko minti biyar ban yi ba, kuma a bakina ma bai yi daɗi ba.

Sai ya ce an ɗaure minista? Na ce an ɗaure shi. Ya yi 'yar dariya.

“Wannan ne ƙirƙirarren, ɗana. Bar mana mutuminmu a kachala, can ya fi aminci.”

Na ce Baba, tun yaushe ka gane? Ya ce tun ranar da mota ta lalace, don daga ranar na daina bin layi da yatsa. Na ce me ya sa ba ka faɗa ba. Ya ce rumfarsa ba ta kai tawa inuwa ba. Ya ture gaɓa da sanda ya tafi, na tsaya da igiya a hannu har kachala ta rufe shi.

Ba shi da waya, kuma ban tambayi sunan garinsu ba, abin bai zo mini ba sai da ya tafi. Da shekara ta zagayo kawu bai ma roƙe ni ba, ni na ce zan koma gadi. Na tafi da littattafai sabbi irin wancan. A gonar tsallake wani matashi na tarar, abin sauraro a kunne, in na ɗaga masa hannu wani lokaci ya ɗaga, wani lokaci bai gani ba. Sabbin ban gama ko ɗaya ba. Tsakar rana idan tsuntsu ya lafa, sai in ga ina tsara wa ɗan leƙen asirin nan abin da zai ci yau, da ta inda zai bi ya kauce wa masu nemansa. Har yanzu ban fito da shi ba.