Fiyus Ɗin Da Ba Ya Ƙonewa

Shekarun baya motata ta kama wuta a hanyar Gumel zuwa Maigatari. Duk wanda ke ciki ya rayu, ban da mutum ɗaya. Abokina.

A lokacin ina jan wata tsohuwar motar haya. Gumel, Gagarawa, Sule Tankarkar, ranar Alhamis kuma kasuwar Maigatari. Motar ta sha duniya. Tankinta ya huje tun tuni, don haka galan nake ajiyewa a gaba, wajen ƙafar fasinja, da tiyo ya wuce zuwa inji. Ƙofar fasinja ta gaba kuma ta waje kaɗai ake buɗe ta. Ba ni kaɗai ba, motocin tasharmu da yawa haka suke.

Abin da ya sa na nemi kyamara, wani mai babur ne ya faɗo mini a Gagarawa. Shi ya shigo hannuna, amma garinsu ne. Kowa ya rantse ni na buge shi. Na kwana a rufe. Da na fito na ce ba zan ƙara rasa shaida ba. Wani direban babbar mota mai zuwa Damagaram ya ba ni tsohuwar tasa, irin wadda ake liƙawa a gilashin gaba, tana ɗaukar hanya tana ɗaukar cikin mota.

A ramin kunna sigari ake soka ta. Nawa ya mutu tun kafin motar ta zo hannuna. Sai na kai wa mai wayarin da ke bakin tasha. Ya fasa kan abin sokawar, ya haɗa masa waya, ya ja ta har kan batir. Kyamara ta kawo. Na yi ta washe baki kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Washegari mota ta ƙi tashi. Ashe kyamara ta kwana tana ɗaukar bangon gidanmu da akuyar maƙwabta har ta shanye batir. Mutanen unguwa suka tura ni. Kashegari ma suka tura. Daga nan in sun hango ni da makulli sai kowa ya tuna bai yi alwala ba.

Na koma. Mai wayarin ya cire ta daga batir ya mayar da ita akwatin fiyus, yadda sai na murɗa makulli za ta kawo. Ya bi da wayar ta wata huda a jikin ƙarfe, ta ɓangaren fasinja, saman galan ɗin nan. Mahaɗin ya naɗe da baƙar leda, don salatif ɗinsa ya ƙare.

Fiyus ɗan abu ne kamar farce. In wuta ta yi yawa a waya, shi yake tsinkewa, komai ya mutu. Nawa ya tsinke a hanyar Sule Tankarkar. Aka sa wani, ya tsinke. Na je na sami mai wayarin raina a ɓace.

"Malam, ko dai ka gyara ko ka cire mini tsiyar nan."

"Direba, fiyus ɗin yanzu ne ba su da ƙwari. Bari ka gani."

Ya feƙe wata waya da haƙori, ya zaro jan ƙarfen ciki, ya naɗa a ƙafafun mataccen fiyus ɗin, ya mayar.

"Wannan har motar ta mutu ba zai ƙone ba."

Bai yi ƙarya ba. Kuma ba shi ya fara ba. Duk direban da ya daɗe a hanya ya ga an yi haka, ko da waya ko da takardar kwalin sigari.

Abokina dillalin tumaki ne. Tun muna yara muke tare. Shi Bafulatani, ni Bamange, wasan da ke tsakaninmu ya girme mu. Kowace Alhamis kujerar gaba tasa ce, jikin ƙofa, galan a tsakanin ƙafafunsa. Ranar da ya fara ganin kyamarar dariya ya yi har da tari.

"Bawana, ka saya wa jaki tabarau."

"Jakin da ke kai ka kasuwa, ɗan Fulani."

Amma kullum ya shigo sai ya gyara hula ya leƙa ta. "Tana ɗauka? To ta ɗauki ubangidanka da kyau."

Ranar da abin ya faru bazara ce, rana ta ɗaga. Mota cike, raguna a but. Mun yi nisa da Gumel na fara jin ƙaurin roba. Na ɗauka taya ce. Abokina ya ce, "Kai, ƙafata zafi." Na duba. Hayaƙi na fitowa ta ƙasa, leda na narkewa tana ɗiga a kan tiyon mai. Bakin hudar nan ne ya yi ta cin wayar har ta taɓa ƙarfe. Abin da fiyus ke ta faɗa mana ke nan.

Na taka birki, na kashe mota. Na baya suka watse. Fasinjan da ke tsakaninmu a gaba ya bi ta ƙofata. Abokina ya tura tasa da kafaɗa. Ya san ba ta buɗewa ta ciki, amma ya tura. Na zagaya da gudu. Ina kai hannu ga ƙofar galan ya kama.

Na buɗe. Na jawo shi. Ban san hannuna na ci ba sai da wani ya zuba mini ƙasa.

A bayan wata motar hatsi aka mayar da mu Gumel. Abokina yana magana a hanya, da hankalinsa. Ya tambaya ko kowa ya fita, na ce kowa. Can ya ce, "Kar ku bari Inna ta gan ni haka."

Kafin la'asar ya cika. Ba a bari ta gan shi ba.

Da aka sallamo ni daga asibiti na tafi rugarsu, bayan Sule Tankarkar. Na durƙusa na yi wa mahaifiyarsa gaisuwa. Ba ta ɗora mini laifi ba. Ta ce kwana ne ya ƙare. Ta dubi hannuna ta ce sannu. Ina shirin tashi ta tsayar da ni.

"Ɗana, an ce motarka tana ɗaukar hoton mutane. Ya sha ba ni labari. A nuna mini shi na safiyar ranar, ko sau ɗaya."

Kyamarar ta narke a jikin gilashi. Na tona tokar da kaina, ban samu ko memori ba.

Na ce, "Inna, ta ƙone."

Ta ce, "To kai faɗa mini."

Na faɗa mata. Farar riga, hula ya karkata ta dama. Ya ci goro ya ba ni ɓari. Ya kira ni bawansa. Ta saurara har na gama, ta ce in sake. Na sake.

Ban yi karatu ba, amma na gane abu ɗaya. An yi fiyus ne don ya mutu a madadin mutum. In ya tsinke, magana yake yi. Mu kuwa muka ɗaure masa baki.

Mai wayarin ya bar garin, ban neme shi ba. Yatsun hannuna na dama sun ƙanƙance, ba sa riƙe sitiyari. Yanzu kamasho nake yi a tashar Gumel. Motar da zan yi wa lodi sai na leƙa akwatin fiyus ɗinta. In na ga ɗaurin waya na zare na jefar. Direbobi na zagina, wasu sun daina ba ni lodi. Ina nan bakin ƙofar tasha, kowace safiya.