Totuwa a Bayan Riga

Shekara da shekaru ina kwana kusa da mutumin da numfashinsa ke ɗaukewa, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Maigidana direba ne, yana jigilar hatsi da mutane daga Masanawa zuwa kasuwar Gwarzo. Minsharinsa kowa a gidan ya san shi, har ƙannensa kan tsokane ni wai injin niƙa na aura. Abin da ba su sani ba shi ne shirun da ke tsakani. Minsharin ya tsaya cak, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, sai na zungure shi ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Da safe ya tashi da ciwon kai, ya ɗora goro kan shayi, ya kama sitiyari. Ni kuwa in wuni ina gyangyaɗi a gaban tukunya. Na gaji, wallahi na gaji, amma a wurinmu mace ba ta fitar da zancen shimfiɗar mijinta.

Wata rana barci ya sace shi da rana tsaka, mota ta faɗa gonar dawa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Yayansa ya kai mu asibiti, likita ya tambayi maigidan yadda yake barci. Ya ce lafiya lau, shi ko a zaune ma barci yake. Yayan ya gyaɗa kai. Na ga alamar maganin ciwon jiki za a ba mu a sallame mu, gobe kuma ya koma hanya da mutane a bayan mota.

Na ce, "Likita, ba barci yake yi ba. Numfashinsa ne ke tsayawa, ni nake tashinsa."

Maigidan ya sunkuyar da kai, yayan ya kalli bango. Likita ya ce cuta ce sananniya, maƙogwaro ne ke toshewa. A je Kano a yi gwaji, ya rage ƙiba, ya daina kwanciya rigingine, tuƙi kuma a dakata.

Makullin mota yanzu yana hannun ƙaninsa. Na ɗinke totuwar masara a bayan rigar barcinsa, don in ya mirgina ta tokare shi ya koma gefe. Har yau bai yi mini maganar asibitin ba, gaisuwata ma a taƙaice yake amsawa. Amma rigar da kansa yake nema. In na wanke ta, da magariba sai in gan shi a bakin igiya yana taɓawa ko ta bushe.