Jan Zare a Ƙafar Shamuwa

Ƙarar busassun ƙirare da ke faɗowa kan ƙoren da kakata ta kife a gindin tsamiya ce ta tashe ni ran nan. Na fito ina murza ido, na ɗaga kai, sai ga su: shamuwa biyu, baƙin baya, farin ciki, suna ta gyaran sheƙar bara, abin da suke zubarwa ya fi abin da suke ɗorawa.

A lokacin Tudun Wada ba ta cika ba. Gidaje ne jefi-jefi da gonaki a tsakani, kukan jirgin ƙasa ma bai daɗe da fara firgita mana awaki ba. Tsamiyarmu ce itace mafi tsawo a layin, don haka kowace shekara mu ke da baƙi.

"Iya, sun zo!"

"To, ki yi musu sannu da hanya," in ji kakata. "Daga Makka suke."

Haka kowa ya sani a unguwarmu: shamuwa a Makka take cin rani, sai ruwa ya kusa sauka ta dawo. Shi ya sa yaro ba ya jifanta. Ni kuwa maganar ta zauna mini a rai, domin kakana Baba Tsoho, masaƙi ne, ya tafi hajji a ƙafa tun ban iya magana ba, kuma babu labarinsa. Iya ba ta zancensa, amma kullum da magariba tabarmarta gabas take kallo, ko bayan ta idar da salla.

Damina ta yi nisa, wata rana iska ta jefo ɗan shamuwa ɗaya ƙasa. Mummuna ne ainun, duk wuya da ƙafa, ga wari. Muka sa shi a tsohon akurki, na zama mai kamo masa fara a bayan gida. Godiyarsa ita ce sara a yatsa. Mahaifiyata ta ce ko dai shi ya bar gidan ko ita. Babu wanda ya bari.

Da fikafikansa suka yi ƙwari, na je wa Iya da shawarata.

"Tunda wurin Baba Tsoho za shi, mu ba shi saƙo."

"Ke ƙawata, tsuntsu baki gare shi na magana?"

"Zare za mu ɗaura masa. Na zanenki mai ja, wanda shi ya saƙa. Ai zai gane aikinsa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito da zaren a hannu, ta ma murza shi ya yi kauri.

"In ya gan shi," ta ce, "ya gaya masa kaina ya yi fari. In yana so ya tarar da haƙora a bakina, ya ɗaga ƙafa."

Mahaifina, wanda ke aikin rubutu a ofis kuma shi ya koya mini karatun boko, ya buɗe baki zai ce wani abu. Ya dubi mahaifiyarsa, ya rufe, ya riƙe mana ƙafar tsuntsun. Ya ce kawai kada in matse ƙullin, ƙafar za ta ƙara girma.

Lokacin girbi shamuwa suka tashi. Suka yi ta kewaya sama kamar toka a kan wuta, suna ƙara nisa, har idona ya yi ruwa. Ban iya ware namu a cikinsu ba.

Da suka dawo wata shekarar, na wuni a gindin tsamiya ina leƙen ƙafafu. Na bi har fadamar bayan unguwa inda suke kiwo. Babu mai zare. Na zo gida kamar zan yi kuka.

"Wauta," in ji Iya. "Ya kwance ya ajiye mana. Da kin ga zaren ai shi ne abin damuwa."

Wata daminar ta wuce, sai ga wani tsoho siriri baƙi wuluk a zaurenmu da gora da sanda, yana tambayar ko nan ne gidansa, domin ya bar shi da dangar kara ya tarar da katanga. Gidan ya cika da guɗa. Sai da mutane suka ragu na matsa kusa.

"Baba Tsoho, ka ga saƙonmu?"

"Wane saƙo, 'yar nan?"

"Na ƙafar shamuwa."

Ya dubi Iya. Ita kuwa tana kallon wani wuri daban, yatsanta na wasa da gefen zanenta.

"Af! Jan zaren nan?" ya ce. "Na gani mana. Amma ke da rowa kike. Duk wannan tafiya, ko goro ɗaya ba ki ɗaura ba?"

Na yi tsalle har na kifar da furarsa.

Sai da na girma, ina karatun koyarwa, na tarar a wani littafin tsuntsaye cewa shamuwar ƙasarmu ba ta zuwa Makka. Kudu take yi, can ƙasan Afirka, inda damina ke sauka lokacin da mu muke rani.