Tumbin Maishanu da kek ɗin Madam Cecilia

A Mayo Gwoi, bayan masu walda, akwai wata bishiyar mangwaro da Malam Maishanu ya shekara ashirin da wani abu yana gyaran wayar mota a ƙarƙashinta. Ni keke napep nake tuƙawa, kuma idan rana ta take, a nan nake fakawa in zauna a bencinsa in saurara.

Bai taɓa mallakar ko ɗan maraƙi ba. Sunan kakansa ne da ya zo daga Zariya. Mahaifinsa tela ne, ya so ya gaje shi, amma tun yana ƙarami ya kwance rediyon gidan har sau biyu, sai aka gaji aka kai shi gareji. Yanzu ya haura hamsin, gajere ne, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. A gyaran esi, na'urar sanyaya mota, ya yi suna, alhali shi kansa ba ya son sanyi. Ko ruwan firji ba ya sha.

Aikinsa da kunne yake yi. Yakan ce a gaban kwamfiresa, injin esin, akwai wani faifai, kuloci, wanda wuta ke jawowa ya manne. In ya manne za ka ji ƙat, sanyi ya zo. In ba ka ji ba, to wuta ta maƙale a hanya, sai a bi ta gida-gida: fis, rile, makunnin gas, har naɗin wayar da ke cikin kulocin. Lokacin da yake sauraro, ko tari ba a yi.

Wata Asabar da azahar Madam Cecilia ta faka tsohuwar motarta. Ma'aikaciyar gwamnati ce, tana kuma yin kek na biki. A kujerar baya akwai kek mai hawa uku, an shafe shi da bota, na auren 'yar yayarta Keziah da za a yi a Kona ƙarfe uku.

"Oga Maishanu, esi ya mutu, kek na yana kuka!" ta ce. "In ya narke, wallahi ba ni da fuska a dangi."

"Kwantar da hankalinki, Madam. Tayar da ita."

Ya ɗaga bonet, ya jingina da gefen motar ya leƙa. Ƙat. Sanyi ya fara busowa.

"Ai tsorona take ji," ya ce, ya rufe bonet.

Ba ta kai wajen masu walda ba ta dawo da baya. Iska mai zafi. Ya sake buɗewa, ya jingina, ƙat. Ya ciro ƙwan gwajinsa ya taɓa fis, ya kama. Ya taɓa wayar kuloci, wuta fal. Ya auna gas, yana nan. Ya rufe, ta tafi, ta dawo.

"Kai, wannan mota na son ka ne ko me? Ko in bar maka ita, ka ba ni keken Imran?"

Imran ni ne. Na ce ai kek ba zai so kekena ba.

A karo na uku gumi ya jiƙe masa riga. Furen da ke saman kek ɗin ya fara zamowa, Madam tana yi masa fifita da katin gayyata. Maishanu ya jingina, ya kasa kunne, ƙat. Sai ya ja dogon numfashi na takaici. Tumbin ya shige ciki. Kuloci ya saki.

Ya saki numfashin. Ƙat.

Ya tsaya cak. Ya sake ja, shiru. Ya saki, ƙat. Dariya ta kama shi, tumbin ya shiga rawa, motar ta ɗauka ƙat-ƙat-ƙat kamar keken ɗinki.

Ashe akwatin fis a daidai wurin da yake jingina yake. Rilen esin ya tsage a ciki, sai an danne murfin yake haɗa wuta. Duk gwajin da ya yi, da tumbinsa a kai ya yi shi, shi ya sa komai ya fito lafiya lau.

"To shiga cikin bonet mu tafi!" in ji Madam.

Mai sayar da kayan gyara ya rufe shago ya tafi ƙauye. Amma rilen hon irinsu ɗaya da na esi. Maishanu ya zare shi ya musanya, ya koma gefe ya harɗe hannu don kowa ya shaida. Ƙat, ba tumbi.

"Sai dai fa Madam, yanzu ba ki da hon."

Ta zaro ido. "Ni? A Jalingo? Da hon nake tuƙi, ba da ido ba."

Ba lokacin gardama. Maishanu ya wanke hannu da fetur da omo, ya ari rigar sanyin maigadin masu walda, ya shiga gaba. Na bi su a baya da kekena. Duk inda keke ko akuya ta tare hanya, sai in ga gilas ya sauka kaɗan, bakinsa ya fito: "Piiim! Hanya, bayin Allah, kek ne!" Madam ta daka masa tsawa ya rufe kada sanyi ya gudu, ya rufe. Wani mai baro ya juyo ya ce, "Baba, batirinka ya yi sanyi."

Uku saura kwata muka isa Kona. Kek ya ɗan karkata hagu, fure ɗaya ya faɗo, Madam ta mayar da shi da cokali, aka juya wannan gefen wajen bango. Maishanu ya fito haƙora na haɗuwa, murya ta dushe, ya je ya tsaya tsakiyar rana hannuwa a buɗe. Aka yanka, aka kawo masa babban yanki daga hawa na ƙasa. Ya taɓa shi da yatsa, ya ce ya yi sanyi da yawa, ya ɗora faranti a kan bonet don ya ɗan yi ɗumi tukuna.