Motoci Uku a Kan Doyar Kawu

Ina da shekara biyu a Parakou, a wani ɗan ɗaki da ke Kpébié, lokacin da Kawu, yayan mahaifiyata, ya ce in haɗa masa abin da zai riƙa kiran mota da shi. Dillalin doya ne a Djougou. Manoman Kolokondé su tara doyar, shi kuma ya nemo mota daga tashar Parakou.

Aikin bai tsorata ni ba. Akwai wata shiryayyiyar manhaja da ke sa kwamfuta ta umarci wata kwamfutar da ke nesa, ta kuma jira amsa. Da harshen kwamfuta na C aka rubuta ta, ni kuwa da OCaml nake aiki, harshen da ba ya yarda ka bar wata amsa ba ka faɗi yadda za a yi da ita ba. Sai na zauna na gina gada tsakaninsu. Amsa iri biyu na tanadar: an samu, ko an kasa. In an kasa, a sake aikawa har sau uku. Na gwada da kwamfuta biyu a kan tebur ɗaya, komai ya tafi sumul, har na yi wa kaina kirari.

Ranar farko a Kolokondé saƙon ya isa Parakou lafiya lau, amsar ce ta ɓace a hanya. Gadata ta ɗauka an kasa, ta sake aikawa, ta kuma sakewa. Motoci uku suka biyo jar hanyar nan saboda lodi ɗaya.

Shugaban direbobin ya rantse ba zai ƙara tura wa Kawu mota ba. Kawu, mutumin da ba a taɓa kama shi da magana biyu ba, sai ga shi yana ba da haƙuri a gaban manoma. Na ji kunya ƙwarai, amma ko kaɗan ban yi shakkar zan iya gyara ta ba.

Na hau mota zuwa Djougou na yi wa Kawu bayani. Ya saurara, sannan ya ce, "Ɗiyata, in ɗan aike bai komo ba, wa ya ce miki bai je ba? Rezon waya ya yanke, bon, shi ke nan. Sai ki ce ba ki sani ba."

Na ƙara amsa ta uku: ban sani ba. Nan take OCaml ya shiga nuna mini duk wurin da ban tanadar mata komai ba, ya ƙi tafiya sai da na toshe su ɗaya bayan ɗaya. Kowane kira kuma na ba shi lambarsa, don kwamfutar tasha ta gane shi idan ya sake zuwa.

Kawu ya je Parakou da ƙafarsa. Ya ce wa shugaban direbobin idan haka ta sake faruwa, shi zai bar dillanci. Bai tambaye ni ba kafin ya faɗa.

Ranar lodi na gaba ina tsaye kusa da shi a Kolokondé. Layi ya sake yankewa, wayarsa ta rubuta "ban sani ba". Wajen azahar mota ɗaya ta iso. 'Yan lodi suka miƙe, Kawu ya ɗaga musu hannu. Ya ci gaba da kallon hanya har aka kira la'asar, ba abin da ya wuce sai wata mata da itace a ka. Ya juyo, idonsa ya yi ja.

"To," ya ce, "ku ɗora."